André Maginot: gurgun sarjan da ya kunna wutar tunawa da sojojin da suka faɗi a fagen fama

Mai karatu, idan aka ambaci sunan Maginot, wanda ake furtawa Majino, a gaban mutumin da ya yi lakwal, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne ganuwa. Ganuwar nan ta siminti da ƙarfe da Faransa ta zuba dukiya mai yawa ta gina a kan iyakarta da Jamus, wadda sojojin Hitler suka kewaye suka yi wucewarsu a shekarar 1940. Har gobe idan ana son yi wa wani shirin tsaro ba'a, da sunan wannan ganuwa ake kiransa. To amma mai sunan ya bar wani abu dabam da ba a cika jingina masa ba, wanda kuma ya fi ganuwar daɗewa yana aiki. Wata ƴar wuta ce da ya kunna da hannunsa a birnin Paris ranar 11 ga watan Nuwamba na 1923, a bisa kushewar wani soja da ba wanda ya san sunansa. Yau fiye da shekara ɗari ke nan wutar ba ta mutu ba.

Mun ga ya dace mu waiwayi rayuwar wannan mutum a filinmu na yau, domin da yawa daga cikinmu mun tashi mun tarar da tsofaffin mazan jiya a unguwanninmu na Damagaram, Maraɗi, Tawa ko Yamai, masu adana lambobin yabo cikin gwangwani ko ƙasan adaka, ba su fiddo su sai ranar buki. Su da iyayensu rigar sojan Faransa suka sa. Shi kuwa Maginot ya riƙe ma'aikatu uku da duk suka taɓa rayuwarsu: ta ƙasashen mulkin mallaka, ta fanshon tsofaffin soji, da ta yaƙi.

An haife shi a Paris ranar 17 ga watan Fabrairu na 1877, amma asalin gidansu wani ƙaramin gari ne mai suna Revigny-sur-Ornain, cikin jihar Meuse da ke gabashin Faransa. Shekara shida kafin haihuwarsa, wato a 1871, Jamus ta ci Faransa da yaƙi ta yanke yankin Alsace da wani sashe na Lorraine ta haɗa da ƙasarta. Da haka iyaka ta matso kusa da mutanen Meuse, suka zama su ne a bakin ƙofa. Yaron da ya riƙa zuwa hutu wannan yanki ya girma cikin mutanen da kullum idonsu na gabas, suna jiran ranar da Jamusawa za su dawo. Wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane sauran labarin ba.

Ya yi karatun shari'a, ya shiga aikin gwamnati, har ya yi wani ɗan lokaci yana aiki a Aljeriya. A 1910 mutanen Bar-le-Duc suka zaɓe shi depite, kujerar da bai sake rasawa ba har ƙarshen ransa. Dogo ne ƙwarai, mai faɗin ƙirji, gwanin wasan takobi. A watan Disamba na 1913, yana da shekara 36, aka ba shi muƙamin ƙaramin ministan yaƙi.

Nan ne labarinsa ya bambanta da na sauran ƴan siyasa. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke a watan Agusta na 1914, mutumin da watanni kaɗan baya janar-janar ke sara masa ya je ya sa kaki a matsayin ƙaramin soja marar igiya ko ɗaya, cikin runduna ta 44 ta sojojin ko-ta-kwana, ya kuma nemi a tura shi gaba, kusa da Verdun, cikin jiharsa. A can ya shirya ƴan sintiri masu fita su leƙo inda abokan gaba suke, aikin da ba kowa ke dawowa daga gare shi ba. Aka ba shi sarjan. A cikin waɗannan makonni ne kuma yaƙi ya bi ta kan Revigny, aka ƙone babban sashe na garin kakanninsa a watan Satumba.

Ranar 9 ga watan Nuwamba na 1914, a wani daji kusa da ƙauyen Maucourt, harsashi ya same shi a ƙafa. Abokan sintirinsa ne suka ɗauko shi suka fid da shi daga bakin wuta. Ya daɗe yana jinya, aka ba shi lambar yabo ta soja, amma ƙafa ba ta koma daidai ba. Daga ranar har mutuwarsa da sanda yake tafiya. Wata uku kacal ya yi a fagen daga, sai dai watanni ukun nan su ne jarin siyasarsa na sauran shekaru goma sha bakwai da suka rage masa. Duk lokacin da ya miƙe cikin majalisa zai yi magana a kan naƙasassun yaƙi, ba ya bukatar dogon bayani, ƙarar sandarsa ta isa.

Watanni shida a ma'aikatar mulkin mallaka

A watan Maris na 1917 aka naɗa shi ministan ƙasashen mulkin mallaka, ya riƙe har watan Satumba. Littattafan Faransa kan wuce wannan zango da layi guda, mu kuwa ba za mu wuce shi haka ba. A lokacin ƙasarmu yankin mulkin soja ce, hedkwatarta a Damagaram. Makonni kaɗan kafin ya hau kujera, a farkon watan na Maris, sojojin Faransa suka karya ƙawanyar da Kawusan ya yi wa barikin Agadas tun watan Disamba na 1916, abin da ya biyo baya kuwa mutanen Abzin ba su manta da shi ba: kisan malamai da farautar jama'a cikin duwatsu. Can yamma, tsakanin kogin Bani da Volta, ba a daɗe da murƙushe wani babban bore ba, wanda ɗibar samari da ƙarfin tsiya zuwa soja na cikin abubuwan da suka hura shi.

Yana bisa wannan kujera ne aka kai farmakin Chemin des Dames ranar 16 ga watan Afrilu na 1917. Aka tura bataliyoyin baƙar fata, waɗanda ake kira tiraye na Senegal ko da kuwa daga ina aka ɗebo su, cikin ruwan ƙanƙara da laka, hannuwansu sun sandare da sanyi, su hau tudu su tunkari bindigogi masu aman wuta. Dubbai daga cikinsu suka faɗi cikin ƴan kwanaki. Blaise Diagne, depiten Senegal, ya tashi cikin zaman sirri na majalisa a ƙarshen watan Yuni ya yi tir da yadda aka yi wasa da rayukansu.

A zamanin Maginot ne kuma aka tura Joost van Vollenhoven Dakar a matsayin babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa. Wannan gwamna ya duba ƙasa ya rubuta cewa ta gaji, kada a ƙara ɗibar mutane. Maginot ya bar ma'aikatar, gwamnati ta sake, Clemenceau ya hau, shi kuwa sojoji yake so ko ta halin ƙaƙa. A farkon 1918 aka aiko Diagne da kansa, ya tara mutum kusan dubu 63 a Afirka ta Yamma kaɗai. Van Vollenhoven ya ajiye aiki ya koma fagen daga, aka kashe shi a watan Yuli na wannan shekara. Ba za mu ɗora wa Maginot ɗibar 1918 ba, tunda ba ya wurin. Amma kada kuma a ɗauka shi mai adawa da tsarin ne. Mutumin zamaninsa ne, wanda ke kallon Afirka a matsayin rumbun da Faransa za ta riƙa ɗiban ƙarfi duk lokacin da nata ya gaza. Kafin yaƙin ya ƙare, tiraye kusan dubu 30 sun kwanta dama.

Akwatuna takwas a Verdun

An sa hannu a kan takardar tsagaita wuta da asubahin 11 ga watan Nuwamba na 1918, cikin wani taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne, bindigogi suka yi shiru da ƙarfe 11 na safe. Faransa ta ƙirga mamatanta ta tarar da kusan miliyan 1 da dubu 400. Matan da aka bari cikin takaba sun kai dubu 600, marayu da naƙasassu kuwa ɗaruruwan dubbai. Abin da ya fi ci wa iyalai rai shi ne yawan waɗanda ba a ga gawarsu ba sam, ko aka gani ba a gane ko su wane ne ba, domin harsashin igwa ba ya barin fuska. Uwa ba ta da kushewar da za ta je ta tsaya a kai.

A watan Janairu na 1920 aka kafa sabuwar ma'aikata ta fansho, aka damƙa wa Maginot, wanda tun 1918 yake shugabantar wata babbar ƙungiya ta naƙasassun yaƙi da tsofaffin soji. Dokar 31 ga watan Maris na 1919 ta riga ta ce abin da ake bai wa wanda ya naƙasa ko iyalin wanda ya mutu haƙƙi ne na diyya, ba sadaka ba ce. Sai dai doka a takarda dabam, kuɗi a hannu dabam. Miliyoyin takardun neman fansho sun taru, ga aikin tono gawarwaki daga gonaki da ramuka a tara su a manyan maƙabartu, ga iyalan da ke son a mayar masu da nasu gida, abin da dokar watan Yuli na 1920 ta yarda a yi da kuɗin gwamnati. Wannan aiki marar daɗi, na ƙirga ƙasusuwa da cika takardu, shi ya ci ƙarfin Maginot shekara huɗu. A cikinsu aka ba iyalai damar shiga jirgin ƙasa kyauta sau ɗaya a shekara su ziyarci kushewar nasu, aka kuma keɓe wa naƙasassu guraben aikin gwamnati. Mu a ganinmu wannan ne aikinsa mafi nauyi, ko da yake ba a gina wa irinsa gunki.

Saura waɗanda ba su da suna. Shawarar da aka yanke ita ce a ɗauki ɗaya daga cikinsu ya tsaya a madadin dukansu. Aka raba fagen daga kashi tara, aka ba da umarni kowane kashi ya tono gawar soja guda wanda aka tabbatar na Faransa ne amma babu wata alama da za ta nuna ko wane ne. A kashi ɗaya ba a samu wannan tabbaci ba, saboda haka akwatuna takwas suka iso Verdun. Aka shigar da su wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa cikin tsohon sansanin birnin, aka yi ta sauya masu wuri domin kada wani ya gane wanne ya fito daga ina.

Ranar 10 ga watan Nuwamba na 1920 Maginot ya shigo yana dogara sandarsa. Cikin sojojin da ke gadin akwatunan akwai wani saurayi ɗan shekara 21 mai suna Auguste Thin, na runduna ta 132, wanda ya yi yaƙin, mahaifinsa kuma na cikin waɗanda suka ɓace a cikinsa. Ministan ya miƙa masa damin furanni farare da jajaye, ya umarce shi ya aza a bisa akwatin da ya ga dama. Saurayin ya kewaya, ya tsaya gaban na shida. Daga baya ya bayyana cewa lambobin rundunarsa ya haɗa, 1 da 3 da 2, suka ba shi 6. Iyakar dabarar ke nan. Sauran bakwai ɗin aka rufe su a maƙabartar Faubourg-Pavé da ke nan Verdun, suna can har yanzu.

A daren aka sa akwatin a jirgin ƙasa zuwa Paris. Washegari, 11 ga Nuwamba, jama'a suka yi dafifi suka raka shi har Arc de Triomphe, babbar ƙofar nasarar nan da Napoleon ya sa a fara ginawa. A wannan rana ɗaya Ingila ma ta rufe nata sojan marar suna a cocin Westminster da ke London. Na Faransa ya jira a wani ɗaki na saman ginin har 28 ga watan Janairu na 1921, ranar da aka saka shi cikin kushewarsa a ƙarƙashin ƙofar. Daga nan al'adar ta bazu, Amurka da Italiya da Baljiyam da wasu ƙasashe da dama kowace ta yi nata.

Ranar hutun kanta sai da aka yi ja-in-ja a kanta. Gwamnati ta so a riƙa yin bukin ranar lahadin da ke biye da ita, don kada a yi asarar ranar aiki. Ƙungiyoyin tsofaffin soji suka ƙi, suka ce ranar da aka daina kashe su ita za a tsaya, ko da wace rana ta faɗo. Dokar 24 ga watan Oktoba na 1922 ta ba su gaskiya. Abin lura shi ne yadda suka tsara bukin a garuruwa: ba faretin nuna makamai ba ne, taro ne a gaban dutsen da aka rubuta sunayen ƴan garin da suka mutu, a kira su ɗaya bayan ɗaya, tutoci su sunkuya, a yi shiru. Kusan babu garin Faransa da ba shi da irin wannan dutse.

A lokacin Maginot ya zama ministan yaƙi, tun watan Janairu na 1922, cikin gwamnatin Poincaré. Wani ɗan jarida mai suna Gabriel Boissy ya lura cewa da dare kushewar kan zauna cikin duhu, mutane na wucewa ba su ko waiwaya. Ya kawo shawarar a sa wutar da ba ta mutuwa. Ranar 11 ga watan Nuwamba na 1923, da ƙarfe 6 na marece, Maginot ya kunna ta a gaban taron jama'a. Tun daga lokacin, kowace rana ta Allah da ƙarfe 6 da rabi na marece, wata ƙungiya ta tsofaffin soji ko ta ƴan makaranta kan zo a ƙara wa wutar ƙarfi da tsinin takobi, a ajiye furanni, a busa begila. Ko ranar 14 ga watan Yuni na 1940 da sojojin Jamus suka shiga Paris an yi wannan hidima, aka kuma ci gaba da yin ta duk tsawon shekaru huɗu na mamaya.

Ina namu a cikin wannan karramawa? Ba a manta da su ɗungum ba, gaskiya ɗaya ce. Ranar 29 ga watan Oktoba na 1922 Maginot da kansa ya aza harsashin ginin wani gunki a birnin Reims domin tunawa da baƙaƙen sojojin da suka kare birnin a 1918. An buɗe shi a watan Yuli na 1924, an kuma kafa tagwaininsa a Bamako. Babban masallacin Paris da aka buɗe a 1926 shi ma an gina shi ne da sunan godiya ga musulmin da suka mutu. A maƙabartar Douaumont, kusa da Verdun, akwai kushewa 592 na musulmi suna fuskantar alƙibla, ba da nisa ba da sansanin da tiraye suka taimaka aka ƙwato ranar 24 ga watan Oktoba na 1916. Wajen dutse da tagulla ba a yi rowa ba. Wajen kuɗi ne hannu ya noƙe, domin tun a zamanin Maginot abin da ake biyan tiraye da ya rasa ƙafa bai kai na Bafaranshen da ya rasa irin wannan ƙafa ba.

Ganuwa

Bayan zaɓen 1924 ya koma ɓangaren adawa. Ya dawo gwamnati a 1928, ya sake riƙe ma'aikatar mulkin mallaka shekara guda, sannan a watan Nuwamba na 1929 aka mayar da shi ma'aikatar yaƙi. A nan ya tarar da wani shiri da aka daɗe ana tattaunawa tun zamanin magabacinsa Paul Painlevé, na gina jerin sansanoni a ƙarƙashin ƙasa a kan iyakar Jamus da ta Italiya. Ba shi ya zana shi ba, shi dai ya samo kuɗin. Dokar 14 ga watan Janairu na 1930 ta keɓe kusan miliyar 3 na kuɗin faran na lokacin.

Yau abu ne mai sauƙi a yi masa dariya, amma a dubi lissafin da ke gabansa. Mazan da ya kamata su haifi ƴaƴa tsakanin 1915 da 1919 suna cikin ramuka ko cikin kushewa, saboda haka kowa ya san daga 1935 samarin da za su isa shiga soja za su ragu da kusan rabi. An rage wa'adin aikin soja zuwa shekara ɗaya a 1928. Sojojin Faransa na shirin janyewa daga yankin Rhin na Jamus a 1930. Jamus kuwa ta fi Faransa yawan jama'a nesa ba kusa ba. Mutumin da ya share shekaru yana sa hannu a takardun marayu, wanda ya ga garinsu ya zama toka, sai ya zaɓi ya kashe siminti maimakon ya kashe mutane. Aka haƙa sansanoni masu zurfin da ya kai mita 30, da ƙananan jiragen ƙasa na lantarki a ciki, da ɗakunan kwana, da madafa, da gidan likita.

Bai ga an gama ba. Zazzaɓin taifot ya kama shi a ƙarshen 1931, ya rasu a Paris ranar 7 ga watan Janairu na 1932, yana da shekara 54, yana bisa kujerarsa ta minista. Gwamnati ta yi masa jana'izar ƙasa, aka kai shi Revigny aka rufe. Sai bayan mutuwarsa ne ƴan jarida suka laƙaba wa ganuwar sunansa. Wata bakwai bayan rasuwarsa aka buɗe babban ɗakin ƙasusuwa na Douaumont, inda aka tara ragowar sojoji kusan dubu 130 marasa suna, Faransawa da Jamusawa a gauraye.

Abin da ya faru a 1940 sananne ne. Ganuwar ba ta kai teku ba, domin Baljiyam ƙawa ce lokacin da aka tsara ta, kafin ta koma ƴar ba-ruwanmu a 1936. Manyan hafsoshi kuma suka ɗauka tankoki ba su iya ratsa dajin Ardennes. Ta nan suka ratso, suka haye kogin Meuse a Sedan ranar 13 ga watan Mayu. Galibin manyan sansanonin ba a ci su da yaƙi ba, sai da aka ba su umarni daga sama suka miƙa makamai bayan an sa hannu a kan saranda ranar 22 ga watan Yuni, cikin taragon nan na 1918 da Hitler ya sa aka jawo musamman. Ganuwa ta tsare inda aka ce ta tsare, ƙasa ta faɗi ta wani wuri. Ko Maginot da ya rayu zai gyara lissafinsa ganin yadda tankoki da jiragen sama suka sauya yaƙi cikin shekaru takwas ɗin, wannan gardama ce da masana tarihi ke yi har yanzu.

Cikin waɗanda aka tura su toshe ɓarakar akwai ƴaƴan tiraye na farko. A Chasselay, kusa da Lyon, ranakun 19 da 20 ga watan Yuni, Jamusawa suka ware baƙaƙen fursunoni daga farare suka harbe su. Gunkin Reims da Maginot ya aza wa harsashi, suka tumɓuke shi suka tafi da shi a wannan shekara. Sai a watan Nuwamba na 2018 shugabannin Faransa da Mali suka ƙaddamar da wanda aka sake ƙerawa.

Ƙa'idar da ya yi wa hidima, wato fanshon soja bashi ne a wuyan ƙasa, ita ce Faransa ta taka da ƙafarta a jajibirin ƴancin kanmu. Dokar 26 ga watan Disamba na 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojin ƙasashen da suka samu mulkin kai, na Faransawa na hawa kowace shekara, na mazan jiyanmu na tsaye wuri ɗaya. Wani tsohon sarjan ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gwamnati ta ba shi gaskiya a watan Nuwamba na 2001, bayan ya riga ya rasu. Ba a daidaita kuɗin baki ɗaya ba sai daga farkon 2011, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun bar duniya. Tiraye na ƙarshe da aka sani daga yaƙin 1914, Abdoulaye Ndiaye, ya cika a ƙauyensu na Senegal ranar 10 ga watan Nuwamba na 1998, ana gobe za a maƙala masa babbar lambar girma ta Faransa.

Bukin shi ma ya sauya kama. Sojan Faransa na ƙarshe na wancan yaƙi, Lazare Ponticelli, ya rasu a watan Maris na 2008 yana da shekara 110, daga nan aka ga babu sauran mai ba da shaida. Wata doka ta watan Fabrairu na 2012 ta mayar da 11 ga Nuwamba ranar tunawa da duk waɗanda suka mutu saboda Faransa a kowane yaƙi. Ingilishi na maƙala jan fure a ƙirji, Faransawa shuɗi. Maƙwabtanmu na Najeriya, da suka gaji ranar daga Ingila, sun mayar da tasu 15 ga watan Janairu, ranar da yaƙin basasarsu ya ƙare a 1970.

Ƙungiyar tsofaffin sojin da Maginot ya shugabanta tana nan, tun 1953 da sunansa ake kiranta. A kan hanyar da ta tashi daga Verdun zuwa Douaumont, kusa da sansanin Souville, akwai wani gini na tunawa da shi. Ba a nuna shi cikin kwat ɗin minista ba. An sassaƙa shi ne a matsayin sarjan mai rauni, abokan sintirinsa na tallabe da shi, kamar yadda suka fito da shi daga dajin Maucourt a watan Nuwamba na 1914.